Layin Lawal

Na ji abin da kuke faɗa a teburin mai shayi idan na ba da baya. Wai aikin kamasho ba sana'a ba ce, ko wa aka ɗauko daga gona zai iya: a cusa kaya a mota, a cusa mutane a kan kayan, a miƙa hannu direba ya ba da na goro. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. A tashar mota na yi ƙuruciyata, daga Safana har na dawo nan Batsari, a cikinta furfura ta same ni. Tunda yanzu lodi ya yi ƙaranci, zama ya fi aiki yawa, bari in gaya muku abin da ke cikin sana'ar nan, da abin da nake gani ana yi mata da rana tsaka.

Akwai wata a-kori-kura da na taɓa lodawa zuwa Wagini, ana gab da shuka. An jibge mini buhunan taki a ƙasa, da injin niƙa sabo fil, da bandir na kwanon rufi, ga akuyoyi, ga mutane sun fi ƙarfin motar, cikinsu har da wata mata da aka sallamo daga asibiti bayan an yi mata aiki a ciki. Kowa gani yake kayansa ya kamata a fara sawa. Injin na fara ɗorawa, dab da kan mota, na shimfiɗa masa tsohuwar taya don kada ya huda bodin idan an faɗa rami. Taki ya bi gefe da gefe, nauyin dama daidai da na hagu, domin hanyar tana da gangare, kuma motar da ta bar tasha a karkace ba lallai ta isa ba. Kwanon rufi na naɗe bakinsa da tsummokaran buhu, saboda shi ke yanke igiya, shi ke yanke agarar mutum. Akuyoyi can baya, nesa da taki, don idan suka lasa sai dai a nemo wuƙa. Igiyarsu gajera, mai doguwar igiya tsalle take yi ta rataye kanta. Duk wannan shi ne mai sauƙin.

Mai wuyar shi ne mutane. Dole ka san wanda zai sauka a ƙauyen farko ka ajiye shi a baki, kada a sauke rabin mota don mutum ɗaya. Dole ka san wancan dattijon da wancan mai rawanin suna rikicin iyakar gona, gwiwarsu ba za ta haɗu ba. A motar nan akwai wani magidanci da uwar matarsa. Babu wanda ya gaya mini, daga yadda ya kawar da kai yana sosa ƙeya na gane. Na zaunar da shi yana kallon daji, ita tana kallon gaba, har aka isa ba su haɗa ido ba. Mai ɗinki a ciki na sa ta gaba, na naɗe mata bargo a baya, na leƙa na ce wa direba idan ya buga ta a kwazazzabo ni da shi ne. Sannan na zagaya na bubbuga tayoyi da ƙarfe ina saurare, na duƙa na duba sifirin, kafin na ce a tafi. Wanda ke kallo daga benci abin da ya gani kawai shi ne an cika mota.

Ni ɗan Tsaskiya ne, noma na gada. Shekarar da gero ya ƙi, na shigo Safana neman abin yi, na faɗa hannun Maigida Ilu, kamashon tashar a lokacin. Mutum ne mai ƙaramin jiki da ƙaramar murya, amma direbobi sun fi shakkarsa a kan masu kaki. Damina guda bai bar ni na taɓa kayan kowa ba. Igiya kawai: in warware, in shanya, in naɗe, in nemo inda ta fara cinyewa. Daga nan tamfol, yadda ake ninke shi ruwa ya zube waje, ba cikin hatsin mutane ba. Daga nan waigi, ɗan katakon nan da ake cusawa ƙarƙashin taya, wanda ku kuke shurewa da ƙafa. Ni na ga motar da ta gangara da mata a ciki saboda babu shi. Ranar da ya fara ba ni lodi, na ɗaure kaya ina jin kaina, ya taso ya sa yatsa ɗaya ƙarƙashin igiyar ya ɗaga ta. Ya kwance kayan gaba ɗaya, ya sauke su a gaban fasinja, ya koma ya zauna. Haka muka yi ta yi da shi har ranar da na gama ɗauri bai taso ba.

Abu na ƙarshe da ya damƙa mini shi ne allo, wannan katakon da aka rubuta sunan gari a jiki, wanda ake ɗorawa a saman motar da layi ya zo kanta.

“Audu,” ya ce, “igiya in ta tsinke a sayi wata. Wannan kuwa, ranar da ka bari wani ya ɗora shi da hannunshi, tasha ta watse.”

Layi shi ne ƙashin bayan tasha. Wanda ya riga shigowa shi ke lodi, ko motarsa ta tsufa, ko ba shi da kowa. Mai sabuwar mota da mai tsohuwa duk bi-da-bi ne, kuma ƙungiyar direbobi ce ke tsaye a bayan kamasho idan wani ya ce shi ya fi ƙarfin jira. A cikin layin nan akwai abin da muke kira lodin amana. Ba mu muka fara ba, Maigida Ilu ma tarar da shi ya yi. Idan direba ya rasu, ko ya kwanta ciwo, ba a cire shi daga layi. Ranar da layinsa ya zagayo, motar da ke bin sa ce ke ɗaukar allo, ta je ta dawo, direban ya cire kuɗin mai kaɗai, sauran kamasho ya auno hatsi da kayan miya ya kai gidan wanda ba ya nan. Shi wanda ya yi lodin ba ya rasa nasa layin, gajiya kawai ya bayar. Ana yi har sai ɗan gidan ya kama sitiyari, ko su da kansu su ce ya isa. Da can sai a yi shekara ba a yi lodin amana ko ɗaya ba.

Sai ga shekarar da aka rufe kasuwanni, aka katse layin waya, aka hana sayar da mai a jarka. Wasunku suna makaranta lokacin, labari kuka ji. Hanyar Ruma ta zama abin da ta zama. Mota ta fita da safe, ba waya, ba labari, sai dai mu zura wa hanya ido. Wata ta dawo da ramukan harsashi a ƙofa, wata ta dawo babu direba, wani fasinja ne ya tuƙo ta. Babu kasuwa babu kaya, babu kaya babu kamasho. Na sayar da tunkiyar matata, na koma cin abinci sau ɗaya. A shekarar ne muka ƙara waɗanda ke hannun 'yan bindiga a cikin lodin amana, domin wanda ke daji da wanda ke kwance duk ba sa iya ciyar da gida. Akwai makon da lodin waɗanda ba sa nan ya kusa kamo na waɗanda ke nan. Direbobi suna ƙunƙuni, suna zagin hanya, suna zagina, amma ba a taɓa wayar gari an ce babu mai ɗaukar allo ba. Na ɗauka tunda muka tsallake wannan shekarar, babu abin da zai karya mu.

Lawal kuwa daminar da ta wuce aka ɗauke shi. Kun san shi, dogon nan mai ƙaramar farar mota da ke yin Katsina, wanda ba ya tayar da mota sai ya ce kowa ya yi addu'a. Wani makwabcinsa ne ya roƙe shi ya kai wata mai haihuwar gardama asibiti daga wani ƙauye ta wajen Ruma, a hanyar dawowa aka tare su. An samu motar a ƙone. Mutanen da ke ciki aka riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya, shi aka riƙe, wai direba yana da ƙungiya a bayansa. Da farko suna kira su sa shi ya yi magana. Daga baya kiran ya ɗauke. A gidansa akwai matarsa da yara ƙanana, da mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tsohuwa mai ciwon ƙafa. Duk ranar da layinsa ya zagayo, ni nake ɗaukar awo in kai zaure, in yi sallama, ita take fitowa ta karɓa.

Wata safiya muna teburin mai shayi, rediyo a kunne, aka sa hira da ɗaya daga cikin masu neman shugabancin ƙasa. Ba sai na kama suna ba, ga hotonsa nan manne a gilashin motocinku. Aka tambaye shi batun ƙungiyoyin ƙwadago. Ya nuna cewa a ganinsa su ne ke danne matasa suna hana ƙasa motsi. Idan ya hau, yajin aiki zai zama laifi a ayyuka da dama, kuɗin ƙungiya ba dole ba ne, tashoshin mota kuma za a karɓe su daga hannun ƙungiyoyi, duk mai mota ya ɗauki fasinja inda ya ga dama. Mai tambayar ya ce to idan ƙungiyoyin suka tafi kotu fa? Na ji dariyarsa a rediyo. Ya nuna cewa kotunan ma gyara suke so. Ba zai zauna yana jiran a kawo masa sunayen alƙalai bisa wanda ya riga wani a aiki ba, shi zai zaɓo waɗanda suka fahimci inda gwamnatinsa ta dosa.

Kofi yana hannuna har shayin ya huce ban kurɓa ba. Na sha jin 'yan siyasa suna alkawarin abin da ba za su yi ba, wannan ba sabon abu ba ne. Amma ban taɓa jin mutum ya ce zai karɓe maka wuri, sannan ya gaya maka tun yanzu cewa wanda za ka kai wa ƙara shi zai naɗa shi ba, kuma ya faɗa yana dariya. Abin da ya ƙara kashe mini jiki, da na ɗaga kai, sai na ga yaran tasha suna tafi. Da Ciyaman na ƙungiyarmu ya zo na gaya masa, ya ce in kwantar da hankalina, surutun kamfe ne, kafin a rantsar da kowa ai da sauran tafiya. Ni ma na so in yarda da shi.

Ba a jira rantsuwa ba. Mako bai zagayo ba, na fito da asuba na tarar da mota a bakin titi, wajen ƙofar tasha, but a buɗe, ana sa kaya. Motar Nasiru ce, yaron da aka ba shi riƙon matasan ɗan takarar a unguwarsu. Ya manna hoto gaba da baya. Kuma ranar layin Lawal ne, Nasiru ke bin sa. Muka gaisa yadda aka saba, ya rusuna, ya tambayi iyali, na tambayi mahaifiyarsa. Sannan na ce, “Nasiru, mi kake yi a nan?”

“Lodi, Baba Audu.”

“Da wane allo?”

“Baba, allo ai katako ne. Ka ji abin da mai girma ya ce, kowa ya ɗauka inda ya ga dama.”

“Ya hau ne?”

“Zai hau, in sha Allahu.”

Na ce masa yau layin Lawal ne, shi ke da amana. Ya ce ya sani. Sai na tambaye shi ko ya san da abin da aka raine shi. Mahaifinsa direbanmu ne, ya rasu a hatsari tun Nasiru yana rarrafe, ni na yi ta kai awo gidansu har ya girma ya karɓi lasisi. Ban so na yi masa gori ba, amma bakina ya riga ni. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago.

“Ban manta ba, Baba, Allah ya saka da alheri. Amma ka duba mani. Motar nan ba tawa ba ce, mai ita kullum yamma yana jiran balas, kuɗin da zan kai mashi. Sai in kwana in wuni a layi ban ga allo ba. Motocin Ciyaman kuma sai a ce lodin gaggawa ne su wuce gaba, kowa na gani. Ga amana yau, ga amana jibi. Mu da muke nan da rai, mi za mu kai gida?”

A kan motocin Ciyaman gaskiya ya faɗa, na yi magana a taro har na gaji. Da cewa ya yi a gyara, da ni ne na farko a bayansa. Amma bai ce a gyara ba. Ya rufe but, ya shiga, ya tafi da mota cike, ni ina tsaye da allo a hannu. A ranar, karo na farko tun da na fara aikin nan, sai da na bi direbobi ina roƙo. Wani tsohon direba, Malam Isa, mai motar da sai an tura take tashi, shi ya ce in ɗora masa.

Daga Nasiru sai wani, daga wani sai wasu. Fasinja ba ruwansa da layi, motar da ya fara gani a titi ita yake shiga. Na sha tsayawa daga nesa ina kallon yadda kuke lodi: buhun siminti a can ƙarshen but, jarkar mai kusa da mai shan taba, taya ko a kalle ta. Cikin tasha kuwa ya koma wurin shanya. Da ƙungiya ta aika a yi musu magana, sai suka nuna hoton da ke gilashi, masu zuwa maganar suka dawo jiki a sanyaye, babu mai son ya taɓa yaran wanda watakila gobe shi ne da ƙasa. Shi ne aka yanke shawarar zuwa kotu. Doka tana nan ba a canza ta ba, lodi a tasha ake yi. Lauyan ƙungiya ya ce wannan shari'a ce ta zama ɗaya, kuma ni zan ba da shaida tunda na fi kowa daɗewa.

Na sa rigar Juma'ata muka tafi birni. Ban taɓa shiga kotu ba sai ranar. Aka rantsar da ni, na tsaya a cikin ɗan akwatin nan na masu ba da shaida. Alƙalin mutum ne mai natsuwa, ba yaro ba, da tabarau. Ya bar ni na yi bayanin layi tun daga farko, har lodin amana, har gidan Lawal. Na ga yana rubutu yana gyaɗa kai, har ya tambaye ni yaran nawa ne da shekarunsu. Lauyan su Nasiru bai musa komai ba, cewa kawai ya yi zamani yana canzawa, kuma kowa ya ji inda iska take kaɗawa. Aka tafi hutun sallar azahar. Lauyanmu ya ce mini, “Baba, ka yi ƙoƙari, mun gama.”

Ina alwala masinjan kotu ya dafa ni, ya ce mai shari'a yana son ganina, ni kaɗai. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu na faɗa ba daidai ba. Na cire takalmi a bakin ofis. Ya ce in zauna a kujera, na zauna a ƙasa. Ya sa aka ba ni ruwa mai sanyi, ya tambayi hanya, ya yi mana jaje na halin da muke ciki, har ya yi wa Lawal addu'a. Sannan ya cire tabarau ya ajiye.

“Baba, kai kullum kana cikin jama'a. Na ƙauye, na birni, 'yan kasuwa, malamai, duk ta hannunka suke bi. Me kake ji suna faɗa a mota?”

“A kan mi, ranka shi daɗe?”

“A kan zaɓe. Wa suke cewa zai ci?”

Na kalle shi, na kalli masinja, masinja ya kalli bango. Na ɗauka wasa yake yi, irin na manya, amma fuskarsa babu wasa. Sai ya ce, a hankali, kamar mai ba ni haƙuri, “Mu ma bi-da-bi ake ɗaga mu, Baba. Na daɗe ina jira, kuma na kusa. Ka dai ji abin da ake faɗa a rediyo.”

Wallahi tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ko ranar da aka yi harbi a bakin kasuwa. Can na san abin da nake gudu. Nan kuwa ga ni zaune a inda aka ce idan an zalunce ka nan za ka zo, kuma mai wurin yana tambayata, ni mai ɗaurin igiya, ta ina zai ɓullo. Na gaya masa iyakar abin da na sani. Na ce mutane sun rabu, wasu suna cewa wannan, wasu suna cewa wancan, mafi yawa kuma cewa suke a bar su su yi noma lafiya ko wa ya hau. Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabarau, ya yi mini godiya. Da aka koma zama bai ɗauki lokaci ba. Ya ce batu ne mai buƙatar nazari, ya ɗaga shari'a sai bayan zaɓe, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

A mota muna dawowa lauya yana ta faɗa, Ciyaman yana ta waya. Ni abu ɗaya ke yawo a kaina har muka iso: da na ce masa mutumin nan faɗuwa zai yi, da watakila mun dawo da hukunci. Abincin gidan Lawal ashe a bakina yake, a cikin amsar tambayar da bai kamata a yi mini ba. Shi ɗan takarar bai san Batsari tana da tasha ba, bai ci zaɓe ba, bai naɗa kowa ba tukuna. Magana kawai ya yi a rediyo.

Layin Lawal ya sake zagayowa ranar Litinin ɗin da ta wuce. Na ɗora wa Malam Isa allo tun da sassafe. Har rana ta take, mutum biyu ne a ciki, su ma suna ta leƙen titi. A waje kuwa motoci suna cika suna tashi. Ina zaune na hango Iya Tabawa tana shigowa tasha, tana jan ƙafa, da sanda. Ba ta taɓa zuwa ba. Na tashi da sauri na tare ta, na durƙusa muka gaisa.

“Audu, na ji shiru ne. An ce kun je wurin alƙali. Mi ya ce?”

“Ya ce sai bayan zaɓe, Iya.”

Ta kalli motar Malam Isa, ta kalli allon, ta kalli titi. Ta juya ta nufi ƙofa, na bi ta ina cewa ta zauna a inuwa, ba ta saurare ni ba. Ta je ta tsaya a bakin titi, kusa da motar Nasiru, inda mutane ke turereniyar shiga. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai wanda ke kusa ke ji.

“Bayin Allah, yau layin Lawal ne. Motar tana ciki. Ku taimaka ku shiga ta ciki.”

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi kamar suna neman wani abu a aljihu. Wata mata mai goyo ta ɗauko ƙullinta ta shigo tasha, ita kaɗai. Sauran suna sauri, rana tana yi, ban ga laifinsu sosai ba. Nasiru ya fito daga mota ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ya tambayi ko an ji wani labari. Sannan ya buɗe but ya ɗauko leda, irin wadda ake rabawa a unguwanni, taliya ce da ɗan sabulu, da hoton ɗan takarar a jiki yana murmushi. Ya miƙa mata da hannu biyu. Na ɗauka za ta ƙi. Ta daɗe tana kallon ledar, sannan ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka. Ya shiga mota ya tafi.

Malam Isa ya tashi da mutum uku, muka tura shi har titi. Na san abin da zai dawo da shi ko kuɗin mai ba zai biya ba. Na raka Iya Tabawa zuwa gida, ina riƙe mata ledar, muna tafiya a hankali saboda ƙafar. Sai da muka zo bakin zaure ta tsaya. Ana jin muryar yaran daga ciki.

“Audu, duk ranar da ka kawo awo, ce masu nake babansu ne ya aiko, motarshi ta yi lodi. Shi ya sa ba su cika kuka ba, sun san yana aiki.” Ta karɓi ledar daga hannuna ta juya ta, hoton yana sama. “Wannan in ce masu wa ya aiko?”

Ta sa farce tana ƙoƙarin ɓare hoton, ashe bugawa aka yi a jikin ledar, ba ya fita. Ta cusa ta ƙarƙashin hijabi ta shiga gida.